Lembit: Sunan da Aka Tono Daga Littafin Abokan Gaba

A kalandar mutanen Estoniya, 'yar ƙaramar ƙasar nan da ke gaɓar tekun Baltik tsakanin Rasha da Latbiya, kowace rana ta shekara tana da sunayen da aka keɓe mata. In ranar sunan mutum ta zagayo, akan yi masa barka ko da ba ranar aka haife shi ba. Ranar 21 ga Satumba ta masu suna Lembit ce da Lembitu. Ba kuwa a banza aka ba su ita ba. A wannan rana ce, a shekarar 1217, aka kashe mutumin da duk wani Lembit ya ci sunansa.

Tushen sunan tsohuwar kalma ce ta ƙauna a harshen Estoniyawa da na 'yan uwansu mutanen Finland, ma'anarsa kuwa abin ƙauna. Sai dai wanda ya fara shahara da shi mayaƙi ne, kuma duk abin da duniya ta sani game da shi ya fito ne daga alƙalami guda, alƙalamin ɓangaren da ya kashe shi. Wani limamin coci ne mai suna Henrik, wanda ya riƙa bin mayaƙan gicciye yana yi wa waɗanda aka ci da yaƙi baftisma, ya zauna wajejen 1225 zuwa 1227 ya rubuta tarihin yaƙe-yaƙen da harshen Latin. Ba don shi ba, da babu wanda zai san an taɓa yin wani Lembitu.

A ƙarshen ƙarni na 12, gabashin Baltik na cikin wurare na ƙarshe a Turai da ba su shiga Kiristanci ba. Fatake Jamusawa ne suka fara sanin hanyar kogin Daugava, malaman coci suka biyo sawunsu, bayan malaman kuma sai ga masu takobi. A 1201 Bishop Albert ya kafa birnin Riga. A shekara mai bi aka kafa ƙungiyar 'Yan'uwan Takobi, mutanen da suka haɗa zaman zuhudu da sana'ar yaƙi. Suka fara da ƙabilun da ke kusa da Riga, da suka gama da su sai suka sa su a gaba a matsayin dakaru, suka nufi arewa daga 1208.

Estoniyawan wancan zamani ba su da sarki. Ƙasar a rarrabe take gunduma-gunduma, Sakala da Ugandi da Harju da Viru da Järva da tsibirin Saaremaa da sauransu, kowace da dattawanta, kowace da ganuwarta ta katako a bisa tudu inda ake gudu a ɓuya in mahara sun zo. Lembitu ɗaya ne daga dattawan Sakala, ganuwarsa kuwa Lehola, wadda masana ke ɗauka ita ce tudun Lõhavere da ke kusa da garin Suure-Jaani na yau.

Labarinsa na farko-farko a littafin Henrik ba shi da daɗin ji. Wajejen 1211 aka tura wani limami mai suna Salomon ya yi baftisma a Sakala. Da al'amura suka rikice ya kama hanyar komawa, Lembitu ya bi shi da mutanensa ya kashe shi tare da tafintocinsa. Ba a daɗe ba, yayin da sarkin Novgorod ya kwashi rundunarsa ya shiga arewacin Estoniya, Lembitu ya ga gari ya zama babu masu tsaro, ya zagaya ya afka wa birnin Pskov na Rashawa, ya yi kisa ya kwashi ganima ya gudo. Ya kamata a riƙe wannan hari a rai, domin shekara ɗari bakwai bayansa za a sami masu son a manta da shi. Mutumin dai ɗan zamaninsa ne, kuma zamanin na hari da ramuwar gayya ne, kowa na ƙone ƙauyen kowa.

A 1215 Jamusawa suka kewaye Lehola. Ganuwar katako ce, saboda haka wuta suka cinna mata. Na ciki suka fito suka miƙa wuya, aka yi musu baftisma, aka washe ganuwar, aka tafi da Lembitu da sauran dattawa, ba a sake su ba sai da suka ba da 'ya'yansu jingina. Duk dattijon da aka yi wa haka akan sa ran ya shiga taitayinsa. Shi kuwa sai ya yi abin da ba a taɓa yi ba a ƙasar: ya aika manzanni gunduma-gunduma yana neman a haɗa runduna ɗaya. Ya kuma aika wa Novgorod, mutanen da ya taɓa kai wa 'yan uwansu hari, da kyaututtuka yana neman taimako, suka yi alkawarin zuwa. A kakar 1217 mayaƙa dubu 6, bisa lissafin Henrik, suka taru daga gundumomi shida suka yi sansani a bakin kogi a Sakala, suka yi kimanin mako biyu suna jiran Rashawa.

Riga ta sami labari. Mayaƙan gicciye kimanin dubu 3, ƙarƙashin Albert na Lauenburg da Volkwin shugaban 'Yan'uwan Takobi, suka yi sauri don su riga Rashawa isowa, suka kuwa riga su. Aka gwabza a wajen garin Viljandi a ranar da coci ke tunawa da Matiyu mai tsarki, shi ya sa har yau Estoniyawa ke kiransa yaƙin Ranar Madis, wato Matiyu a bakinsu. Dawakai masu sulke na Jamusawa suka fasa tsakiyar rundunar Estoniyawa, gefe-gefen suka ɗan jure sannan suka watse cikin daji da fadama. Henrik ya ce wani ɗan ƙabilar Latgale mai suna Veko ne ya gane Lembitu ya kashe shi, aka sare kansa aka tafi da shi kudu. (An daɗe ana yaɗa jita-jita a Estoniya cewa ƙoƙon kan yana ajiye a wani wuri a Poland, amma babu wanda ya taɓa nuna shi.) Tare da shi aka kashe wasu dattawa, cikinsu har da Vootele da Manivald.

A ɗaya ɓangaren ma an yi babban rashi. Kaupo, shugaban ƙabilar Liv, wanda ya karɓi Kiristanci tun da wuri, ya je har Rum ya gana da Fafaroma Innocent na Uku a 1203, ya sha mashi a wannan fili ya mutu. Shugabanni biyu 'yan ƙasa, ɗaya ya zaɓi bijirewa ɗaya ya zaɓi haɗa kai da baƙi, suka faɗi rana ɗaya. Marubutan baya sun daɗe suna mai da ɗaya gwarzo ɗaya maci amana, amma abin mamaki, Kaupo ma suna ne da Estoniyawa ke raɗa wa 'ya'yansu.

Ƙanin Lembitu ko wansa, Unnepewe, shi ya ƙulla sulhu bayan yaƙin. A 1219 sarkin Denmark, Valdemar na Biyu, ya sauka da rundunarsa a inda Tallin take yanzu. A 1227 tsibirin Saaremaa ya miƙa wuya, aka rufe babin. Masu tonon tarihi da suka haƙa tudun Lõhavere a ƙarni na 20 sun tarar da wani ɗan akwatin ɓawon itace a cikin kangon, cike da kayan aikin hannun wata mace: siraran wayoyin tagulla da aka nannaɗe don ƙawata tufafi, zare, guntayen saƙa, 'yan kayan ado. Wannan akwati ya fi littafin Henrik nuna cewa ganuwar gida ce ta mutane, da mata masu sana'a a ciki, kafin ta zama filin daga.

Daga nan sunan ya nitse. A ƙasar Hausa yaro kan ci sunan kakansa, sunan ya yi ta gangarowa daga tsatso zuwa tsatso ba tare da an buɗe littafi ba. Na Lembitu igiyar tsinkewa ta yi. Coci ta kawo sunayen waliyyanta, bakin manoma ya lanƙwasa su: Johannes ya zama Jaan da Juhan da Hans, Georg ya zama Jüri, Martin ya zama Mart, Antonius ya zama Tõnu. Masu mulki suka yi ta sauyawa, daga Denmark da mayaƙan Jamus zuwa Poland da Suwidin, sannan Rasha daga 1710, amma masu gonaki ba su sauya ba, iyayengiji Jamusawa ne, Estoniyawa kuwa bayin gona. Manomi ba shi da sunan dangi, da sunan gonar da yake zaune ake kiransa. Sai bayan da aka soke bautar gona a 1816 da 1819 aka rarraba musu sunayen dangi, da yawa kuma na Jamusanci ne, abin da ya zo bakin mai gona ko akawunsa.

Littafin Henrik yana nan a rubuce da hannu har 1740, lokacin da wani masani Bajamushe, Johann Daniel Gruber, ya buga shi. Jamusawan Baltik sun karanta shi a matsayin labarin kakanninsu da suka kawo haske ga arna. Da 'ya'yan manoman Estoniya suka yi boko a ƙarni na 19, sai suka karanta shi ta baya. Wanda Henrik ya kira mai taurin kai da tayar da fitina, su suka gan shi a matsayin shaida cewa kakanninsu sun taɓa zama 'yantattu, suna da shugabanni, sun kuma yi faɗa kafin a danne su. A 1868 Carl Robert Jakobson ya tsaya a gaban ƙungiyar Vanemuine a birnin Tartu ya raba tarihin mutanensa gida uku: zamanin haske kafin zuwan Jamusawa, zamanin duhu na bauta, da wayewar garin da yake cewa ta fara. Jaridar da ya kafa a Viljandi a 1878 Sakala ya sa mata, sunan gundumar Lembitu. A farkon shekarun 1880 malamin makaranta Jaan Jung ya fassara littafin Henrik zuwa harshen Estoniya. Likita Friedrich Reinhold Kreutzwald, wanda ya tsara babbar waƙar gargajiyar ƙasar, Kalevipoeg, ya bar wata doguwar waƙa mai suna Lembitu, aka buga ta a 1885 bayan rasuwarsa. Iyaye masu karanta jarida suka fara zuwa coci da jarirai suna cewa a rubuta Lembit, a rubuta Kalev, a rubuta Vambola.

Tarihin Jakobson ya yi sauƙi da yawa, domin zamanin hasken nan nasa cike yake da hare-hare da kamun bayi. Amma ba don malaman jami'a ya yi jawabin ba. Manoman da aka shekara ɗaruruwa ana gaya musu ba su da tarihi yake yi wa magana, kuma ta shige su.

Da aka ayyana 'yancin kai ranar 24 ga Fabrairun 1918, aka shiga yaƙi da Rundunar Ja ta Rasha, babban jirgin yaƙin farko da sabuwar ƙasar ta mallaka wani tsohon jirgin Rasha ne mai suna Bobr, aka goge sunan aka rubuta Lembit. A watan Yunin 1919 sojojin Estoniya suka karya rundunar Jamusawan Baltik kusa da garin Cēsis a Latbiya, mutane da yawa suka ɗauki wannan a matsayin ramuwar 1217, shi ya sa 23 ga Yuni ta zama Ranar Nasara. A 1926 aka kafa wa waɗanda suka mutu a yaƙin 'yanci abin tunawa a Suure-Jaani, masassaƙi Amandus Adamson ya ɗora siffar Lembitu a kai, ya ji rauni amma takobi na hannunsa. A shekarun 1930, zamanin mulkin Konstantin Päts, gwamnati ta yi gangamin a yar da sunayen Jamusanci a ɗauki na gida, mutum kusan dubu 200 suka sauya sunayen danginsu, a ƙasar da jama'arta suka ɗan haura miliyan ɗaya. A wannan tsakani ne Lembit ya zama sunan da ake ji a kowane aji na makaranta.

Mafi shaharar mai wannan suna a lokacin ba mutum ba ne. A 1933 Estoniya ta sayar wa Peru manyan jiragen yaƙinta biyu, Lennuk da Vambola, ta yi odar jiragen ƙarƙashin teku biyu daga kamfanin Vickers-Armstrongs da ke Barrow a Ingila. An kafa asusun gudummawa, talakawa suka kawo kuɗi, wasu suka kawo tsofaffin ƙarafa. Ranar 7 ga Yulin 1936 aka tura jiragen cikin ruwa, ɗaya Kalev ɗaya Lembit, kowanne tsawonsa kusan mita 60, suka iso gida a 1937. Cikin sunayen nan huɗu na jirage, uku daga tatsuniya da ƙagaggen labari aka ɗauko su. Lembit kaɗai ne sunan mutumin da ya taɓa taka ƙasa.

Jiragen ba su harba ko da harsashi ɗaya don kare Estoniya ba. A 1940 Tarayyar Sobiyet ta haɗiye ƙasar ba tare da yaƙi ba, ta sauke tutar jiragen ta ɗaga tata, ta maye gurbin akasarin ma'aikatan da nata. Kalev ya ɓace a teku a ƙarshen 1941. Lembit ya yi yaƙin duniya na biyu har ƙarshensa yana dasa nakiyoyi yana farautar jiragen Jamus. A Satumban 1942 an yi masa ruwan bama-bamai har ya kwanta a ƙasan teku da gobara a cikinsa, ma'aikatan suka gyara shi suka taso da shi, daga baya kuma aka ba shi lambar yabo ta Jan Tuta. Duk tsawon yaƙin da sunansa na Estoniya ya yi shi.

Dalilin da ya sa Moscow ba ta ƙyamaci sunan ba a bayyane yake: Lembitu ya yaƙi Jamusawa, ya kuma nemi taimakon Rashawa. Littattafan makaranta na zamanin suka kama wannan suka riƙe a matsayin shaidar daɗaɗɗiyar zumunta, suka sassauta murya a kan harin Pskov da kuma cewa taimakon bai iso a kan lokaci ba. Har janar ɗin da aka ba rundunar Estoniyawa ta cikin Rundunar Ja sunansa Lembit Pärn. An haife shi a 1903 a kudancin Rasha, cikin Estoniyawan da suka yi ƙaura neman gona, abin da ke nuna nisan da sunan ya riga ya yi tun kafin a sami ƙasa. Dakarunsa na cikin waɗanda suka shiga Tallin ranar 22 ga Satumban 1944. Gwamnatin Sobiyet ta kira wannan 'yantarwa, akasarin Estoniyawa kuwa na kiransa farkon mamaya ta biyu. Gwamnatin nan ce ta rushe abin tunawa na Suure-Jaani, domin na waɗanda suka yaƙi Rundunar Ja ne, kuma ita ce a 1961 ta bari aka nuna wasan waƙe mai suna Lembitu na Villem Kapp, ɗan asalin Suure-Jaani ɗin. Gwarzon na ƙarni na 13 halal ne, muddin ba a haɗa shi da 1919 ba.

Jirgin kuwa bayan yaƙi aka cire masa suna aka ba shi lamba, aka kai shi can cikin Rasha ana horar da ma'aikata da shi. Tsofaffin sojojinsa suka yi ta fafutuka har aka dawo da shi Tallin a 1979, aka buɗe shi ga masu kallo a 1985. Bayan da ƙasar ta sake samun 'yanci a Agustan 1991, Estoniyawa suka karɓe shi a 1992. A watan Mayun 2011 aka jawo shi daga ruwa, shekara 75 bayan shigarsa, aka shigar da shi tsohuwar rumfar jiragen sama masu sauka a ruwa da ke Lennusadam. Yanzu yara 'yan makaranta ne ke sunkuyawa suna ratsa ƙananan ƙofofinsa masu zagaye, suna leƙa gadajen da matuƙa suka kwana a gefen makamai.

Waɗanda suka gudu a 1944 ma sun tafi da sunan. Cikin dubban da suka tsere yamma har da Ernst Öpik, masanin taurari wanda tun 1932 ya yi hasashen cewa akwai tarin taurari masu wutsiya can nesa a gefen duniyoyin rana. Ya ƙare a cibiyar nazarin sama ta Armagh a Ireland ta Arewa daga 1948. Jikansa da aka haifa a Bangor a 1965 aka raɗa masa Lembit. Lembit Öpik ya wakilci mazaɓar Montgomeryshire ta Wales a majalisar Birtaniya daga 1997 zuwa 2010 a jam'iyyar Liberal Democrat. Ya gaji kakansa a abu ɗaya: ya dami majalisa da maganar hatsarin duwatsun sama da ka iya faɗo wa duniya, ana yi masa dariya, har gwamnati ta kafa kwamiti a kan batun a 2000. Jaridun tsegumi sun fi son labarin soyayyarsa a kan na duwatsun, kuma wannan bai taimake shi ba ranar zaɓe.

In ana neman Lembit ɗin da Estoniyawa suka fi so da zuciya ɗaya, ɗan wasan kwaikwayo Lembit Ulfsak ne, wanda aka haifa a 1947 ya rasu a 2017. A zamanin Sobiyet fuskarsa sananniya ce daga Tallin har gabashin Siberiya, musamman saboda fitowarsa a matsayin Paganel, masanin nan mai yawan mantuwa, a fim ɗin da aka yi daga labarin Kyaftin Grant na Jules Verne. Amma aikin da ya kai shi duniya ya zo ne da tsufa. A fim ɗin Mandariinid na 2013, wanda Zaza Urushadze ɗan Jojiya ya shirya, ya fito a matsayin Ivo, tsohon kafinta a wani ƙauyen Estoniyawa da ke Abkhaziya, inda kakanninsu suka zauna tun shekarun 1880. Yaƙin 1992 ya ɓarke, kowa ya koma Estoniya, shi ya tsaya yana ƙera akwatunan da maƙwabcinsa zai zuba lemun tanjarin. Aka yi artabu a ƙofar gidansa, ya tsinci mutum biyu da rai: Ahmed, Baceceniye Musulmi sojan haya, da Nika, sojan Jojiya, kowanne na neman ran ɗan uwansa. Ya kwantar da su ɗaki daban-daban, ya yi jinyarsu, ya karɓi alkawari cewa ba za a zubar da jini a ƙarƙashin rufinsa ba. Ulfsak bai ɗaga murya ba a fim ɗin. Da kallo da ajiye kofin shayi a tebur yake mulkin gidan. Fim ɗin ya shiga jerin biyar na ƙarshe a rukunin fina-finan ƙasashen waje na kyautar Oscar ta 2015, karo na farko da wani fim ɗin Estoniya ya kai nan, ko da yake Ida na Poland ne ya lashe. A ganina wannan kafintan ya fi janar da jirgi dacewa da ma'anar sunan.

Akwai wasu. Lembit Oll, gwanin wasan darar Turai daga Kohtla-Järve, ya shiga sahun manyan 'yan wasan duniya kafin ya rasu a 1999 yana da shekara 33. Lembit Saarsalu ya yi suna a busa saksofon. Duk wanda kuma ya taɓa riƙe kwabon yuro na Estoniya, wanda aka fara kashewa ranar 1 ga Janairun 2011, ya riƙe aikin Lembit Lõhmus, domin shi ya zana taswirar ƙasar da ke bayan kwabon. Abin tunawa na Suure-Jaani ma an sake gina shi a 1990, tun kafin Tarayyar Sobiyet ta gama rushewa.

Duba shekarun haihuwar mutanen nan zai nuna inda sunan ya dosa. Kusan duk wani Lembit da ke raye yau kaka ne ko ya kusa zama. Iyayen yanzu a Tallin da Tartu sun fi raɗa wa 'ya'yansu maza Robin da Rasmus da Sebastian da Oliver da Hugo, sunayen da ba sa wahalar da bakin Baturen Ingila ko ɗan Suwidin, irin waɗanda da a zamanin Päts ne, da jami'in gangami ya ba mai su takardar sauya suna.